Afirkar da ke cikin faifan Cannonball Adderley ba a sunansa take ba

A farkon shekarar 1961 kamfanin faya-fayan kiɗa na Riverside da ke birnin Niyok ya tara makaɗa kusan ashirin a ɗakin ɗaukar sauti, ya tsayar da mai busa saksafon Julian Adderley, wanda duniya ta fi sani da Cannonball, a gabansu. Zaman farko a ƙarshen Fabrairu aka yi shi, sauran kuma a watan Mayu, kuma abin da ya fito shi ne faifan da aka raɗa wa suna African Waltz. Tun daga lokacin faifan nan yake tsakanin masu zargi iri biyu. Masu ɗaukar jaz a matsayin ilimi mai zurfi suna ganin kiɗan neman kuɗi ne aka lulluɓe da kayan busa na tagulla, masu kishin Afirka kuma suna ganin an ari sunan nahiyarsu ne kawai don faifai ya shiga kasuwa. Dukansu suna da abin kamawa, kuma ba zan ɓoye shi ba. Amma ra'ayina shi ne faifan ya fi abin da masu zarginsa suke faɗa, domin gadon Afirka da ke cikinsa na gaske ne, sai dai an neme shi a inda ba ya nan. Ana dubansa a suna da ganguna, alhali yana cikin yadda mutum ɗaya yake jan baki jama'a suna amsa masa, kuma wannan ba ya lalacewa don an sayar da shi.

Sai an san mutumin kafin a gane abin da ya yi. An haifi Adderley a birnin Tampa na jihar Fulorida a 1928, ya tashi a Tallahassee inda iyayensa suke koyarwa, kuma aikinsa na farko shi ne malamin kiɗa a makarantar sakandare ta Dillard a Fort Lauderdale, yana koya wa yara karanta rubutun kiɗa da yin busa tare. Ya kuma jagoranci makaɗan soja lokacin da aka ɗauke shi aikin soja. Ke nan tun kafin ya yi suna, sana'arsa ita ce tsayawa gaban taron masu busa yana daidaita su. A 1955 ya je Niyok, 'yan watanni bayan rasuwar Charlie Parker, ya hau dandali a wani gidan kiɗa mai suna Café Bohemia tare da ƙungiyar Oscar Pettiford, kuma kafin a ce me, labarinsa ya cika gari. Daga 1957 ya shiga ƙungiyar Miles Davis, kuma busarsa ce ake ji a Milestones da Kind of Blue, faifan 1959 da har yau ake lissafa shi a sahun gaba na jaz baki ɗaya. Wanda ya tsaya kafaɗa da kafaɗa da John Coltrane a wancan faifai ba ya bukatar kowa ya ba shi takardar shaidar iya busa. Da ya bar Davis sai ya sake kafa ƙungiyar mutum biyar tare da ƙanensa Nat, suka ɗauki faifai a gaban 'yan kallo a San Francisco a watan Oktoba na 1959, kuma taken Bobby Timmons mai suna This Here ya sa faifan ya yi kasuwar da Riverside bai saba gani ba. Daga nan ne aka fara liƙa masa kalmar sol jaz, wato jaz mai ɗanɗanon waƙoƙin cocin baƙaƙen fata da kiɗan buluz, wanda ake iya tafa masa hannu.

Ita kuwa babbar ƙungiyar makaɗa, mai jerin kakakin Turawa huɗu ko biyar, da jerin turombon, da jerin saksafon, da fiyano da babbar jitar tsaye da ganguna, a 1961 zamaninta ya riga ya wuce. Ta yi tashe a shekarun 1930 zuwa tsakiyar na 1940, lokacin da ita ce kiɗan rawar Amurka. Bayan yaƙin duniya na biyu sai tsadar tafiya da albashi ta taso, harajin da gwamnati ta ɗora tun lokacin yaƙin a kan gidajen da ake rawa ya ci gaba da yi musu nauyi, mawaƙa masu murya suka ƙwace kasuwa, har a ƙarshen 1946 manyan ƙungiyoyi da dama, ciki har da na Benny Goodman da Woody Herman da Harry James, suka watse cikin 'yan makonni. Count Basie da kansa sai da ya rage tasa zuwa 'yan mutane kaɗan a 1950 kafin ya sake gina ta. Quincy Jones ya ɗauki babbar ƙungiya zuwa Turai a ƙarshen 1959, wasan da suka je dominsa ya rushe, ya dawo da bashi har wuya. Saboda haka hanyar da ta rage wa ƙaramin kamfani ita ce ya tara ƙwararrun da ke zaune a Niyok na kwana biyu ko uku, ya biya su kuɗin zama, kowa ya kama gabansa. Ko hakan ma ba ƙaramin kuɗi ba ne ga kamfani irin Riverside, wanda Orrin Keepnews da Bill Grauer suke tafiyar da shi da ƙyar. Duk wanda ya tara mutum ashirin a ɗaki a irin wannan hali dole ya yi tunanin mai saye, kuma wanda bai fahimci wannan ba zai yi ta ɗora wa faifan laifin da na zamaninsa ne.

Zargin suna shi ya fi ƙarfi, don haka da shi zan fara, kuma zan ba shi haƙƙinsa cikakke. Taken da aka sa wa faifan sunansa ba Adderley ne ya rubuta shi ba, ba kuma wani ɗan Afirka ba. Galt MacDermot ne, farar fata ɗan Kanada haifaffen Montreal, wanda ya yi karatun kiɗa a Cape Town lokacin da mahaifinsa yake wakiltar ƙasarsa a Afirka ta Kudu, kuma shi ne daga baya ya rubuta kiɗan wasan nan mai suna Hair. Ƙungiyar Johnny Dankworth ta Ingila ce ta fara cin kasuwa da taken, har ya shiga cikin goma na farko a jerin faya-fayan da suka fi sayuwa a can a 1961. Nan da nan aka ɗauki na Amurka, ya fito a ƙaramin faifai da bai kai minti uku ba, ya hau har lamba 41 a jerin mujallar Billboard, abin da ba kasafai kiɗan jaz marar murya yake samu ba, kuma MacDermot ya karɓi kyautar Grammy a kansa. Sauran abin da ke cikin babban faifan bai ma yi da'awar Afirka ba: akwai tsohuwar waƙar Jerome Kern ta 1933, Smoke Gets in Your Eyes, akwai Stockholm Sweetnin' na Quincy Jones wanda sunansa ma babban birnin Suwidin yake nunawa. An gayyato Babatunde Olatunji, ɗan Ajido da ke kusa da Badagiri a jihar Legas ta yanzu, wanda ya je Amurka karatu a 1950 ya yi suna da faifansa Drums of Passion, aka haɗa shi da Ray Barretto mai kiɗan kwanga, amma duk mai kunne zai ji cewa gangunansu ado ne a gefen tsarin da aka riga aka rubuta. Abin da ya fi ba da dariya shi ne, a daidai shekarar 1961, biranen Afirka ta Yamma suna rawa ne da kiɗan hailayif na su E. T. Mensah a Akara da Bobby Benson da Victor Olaiya a Legas, kiɗan kakaki da saksafon da kwat da wando, alhali Afirkar da kasuwar Amurka take so ita ce ta ganga da daji. Wanda ya ce sunan faifan dabarar ciniki ce a shekarar da ta biyo bayan samun 'yancin ƙasashen Afirka 17, bai yi ƙarya ba.

Sai dai ba a nan gizo yake saƙar ba. A ajiye suna a saurari yadda aka gina kiɗan. Wanda ya tsara mafi yawan faifan shi ne Ernie Wilkins, mutumin St. Louis da ya shiga ƙungiyar Basie a 1951, wanda alƙalaminsa yana cikin abin da ya farfaɗo da ita, kuma shi ya tsara Every Day I Have the Blues da Joe Williams ya rera a 1955. Salon Wilkins ba ɓoyayye ba ne. Yana raba makaɗa gida-gida, ya ba kowane gida gajeriyar jimla, sannan ya sa su yi ta miƙa wa juna magana. Adderley zai busa layi ɗaya mai lanƙwasa, ya ɗan ja numfashi, a cikin wannan 'yar kafa sai jerin kakaki ya faɗo da amsa gajeriya mai kaifi, masu turombon su biyo da tasu a ƙasa, shi kuma ya dawo ya ɗora a kan inda suka tsaya. Don a sami wannan, mutum huɗu ko biyar sai sun ja iska a wuri ɗaya, sun datse sauti a wuri ɗaya, sun karkata shi daidai yadda na gabansu ya karkata, har su zama kamar bakin mutum ɗaya. Aikin da Ernie Royal da Clark Terry da Joe Newman suka ƙware a kai ke nan. Bahaushen da ya taɓa sauraron Mamman Shata da 'yan amshinsa ba ya bukatar a yi masa dogon bayani: jagora yana da 'yancin ya yi nisa, ya yi zaurance, ya yi ba'a, domin ya san amshi yana nan daram zai dawo a lokacinsa, kuma daɗin abin yana cikin jiran dawowar nan. Wannan tsari bai zo wa Wilkins daga Cape Town ba. Ya biyo ta waƙoƙin aikin gona na bayin da aka kwasa daga gaɓar Afirka ta Yamma da ta Tsakiya, ya shiga cocin baƙaƙe inda mai wa'azi yake magana jama'a suna amsawa, ya shiga buluz inda mawaƙi yake rera rabin layi ya bar wa kayan kiɗa sauran rabin. Nat Adderley, wanda yake cikin masu busa a faifan kuma shi ya rubuta Blue Brass Groove da ke ciki, ya riga ya rubuta shahararren takensa Work Song a kan fursunonin da ya gani yana yaro a Fulorida, an ɗaure su da sarƙa suna aikin hanya suna waƙa. Mutanen da suka taso da wannan a kunnensu ba aro suka yi ba.

Haka zancen yake game da bugu uku-uku da taken MacDermot ya hau kai. Wanda ya ji an ce kiɗa yana tafiya a uku zai iya tuna rawar Turawa ta Biyana, amma ukun da ke nan wani ne daban, mai nauyi, mai jan ƙafa, wanda kunne yake iya jin biyu a cikinsa a lokaci guda. Haɗa biyu da uku a bugu ɗaya sananne ne a kiɗan gangunan Afirka ta Yamma, kuma ya rayu a cocin baƙaƙen Amurka, inda ake tafi a kansa. Tun kafin 1961 ya riga ya shiga jaz ta wannan ƙofa. This Here na Timmons, wanda ya tashi yana buga fiyano a coci a Philadelphia, a uku yake tafiya. Better Git It in Your Soul na Charles Mingus, na 1959, a kan irin wannan bugu aka gina shi. West Coast Blues na Wes Montgomery, wanda yake cikin faifan da muke magana a kai, shi ma buluz ne da aka shimfiɗa a kan uku. Don haka lokacin da taken ɗan Kanada ya iso hannun Adderley, ya tarar da mutanen da suka riga shi sanin hanyar. Abin da ya faru shi ne wani farar fata ya ji wani abu a Afirka ta Kudu ya rubuta shi a takarda, wani Bature ya yi kasuwa da shi a Landan, sannan ya faɗo hannun jikokin bayi waɗanda suke da irinsa a gida, suka busa shi da lafazinsu. A ganina wannan tafiya ta fi sunan faifan ban sha'awa nesa ba kusa ba, kuma ita ce dalilin da ya sa na Adderley yake da wani kauri da ba takarda ce ta ba shi ba.

Zargi na biyu shi ne na kasuwa, kuma a nan ne nake ganin masu sharhi sun fi yin rashin adalci. A ƙarshen 1960 Ornette Coleman ya ɗauki Free Jazz, Coltrane yana ta faɗaɗa iyakar abin da saksafon zai iya faɗa, kuma a idon masu bin wannan hanya duk kiɗan da talaka ya gane a ji na farko koma-baya ne. Amma a duba abin da Adderley yake yi a waɗannan watanni. Tsakanin Janairu da Maris na 1961, wato a daidai lokacin da aka ɗauki taken African Waltz, yana ɗaukar Know What I Mean? tare da Bill Evans, mutum huɗu kacal, kiɗa mai sanyi da zurfi wanda babu mai ce masa na kasuwa. Mutum ɗaya ne, baki ɗaya ne, cikin makonni ɗaya. Bai sayar da basirarsa ba, ya san dai akwai maganar da ake yi a ɗaki akwai wadda ake yi a dandali. Sannan a duba waɗanda suka amfana da sunansa. Shi ne ya ji Wes Montgomery a Indianapolis a 1959 ya matsa wa Keepnews ya ɗauke shi. Shi ne ya kawo Chuck Mangione da ɗan'uwansa Riverside, kuma taken da ya buɗe wannan faifai, Something Different, na Mangione ne, yaro ɗan shekara ashirin a lokacin. Biyu daga cikin taken na Junior Mance ne, tsohon mai fiyanonsa tun zamanin soja, ɗaya kuma, Kelly Blue, na Wynton Kelly ne da ke zaune a kan fiyano a zaman. A tsarin kasuwar kiɗa, duk kwafin da aka sayar marubucin take yana da ɗan rabonsa, don haka cika faifan da ake sa ran zai sayu da rubutun abokai hanya ce ta raba arziki. Kamfanin kansa, wanda ya fitar da manyan faya-fayan Thelonious Monk, kuma a watan Yuni na 1961 ya ɗauki Bill Evans a gidan kiɗa na Village Vanguard, ba da yabon masu sharhi yake biyan haya ba. Grauer ya rasu a ƙarshen 1963, kamfanin ya durƙushe a 1964, abin da ya nuna cewa ko da faya-fayan da suka sayu, da ƙyar ake numfashi. Masu son jaz mai wuyar fahimta sun ci moriyar kuɗin da jaz mai sauƙin fahimta ya kawo, bai kamata su yada kwauren ba.

Akwai kuma wani abu a ƙarƙashin wannan zargi da ba a cika faɗa a fili ba. Masu sayen sol jaz galibi baƙaƙen fata ne ma'aikata na Harlem da Shikago da Ditiroyit, waɗanda suke jefa kwabo a akwatin kiɗa na gidan abinci bayan an tashi daga aiki. Masu rubuta sharhi a manyan mujallu galibi ba daga cikinsu suke ba. Idan aka ce kiɗan da jama'ar da suka haifi jaz suke so shi ne marar daraja, wanda ɗaliban jami'a suke zama shiru su saurara kuma shi ne na gaske, to an yanke hukunci a kan masu sauraro ne, ba a kan kiɗa ba. Adderley, da halinsa na tsohon malamin makaranta, ya saba tsayawa kafin kowane take ya yi wa 'yan kallo bayani cikin raha, abin da Miles Davis ba ya yi ko kusa. Ya ɗauki mai sauraro a matsayin wanda ake magana da shi. Faifan babbar ƙungiya mai amshi shi ne wannan hali nasa da aka faɗaɗa.

Zargi na uku na masu son busar Adderley ne da kansu, kuma shi ne na fi tausaya wa. Suna cewa an binne shi. A ƙungiyar mutum biyar yana iya sakin jiki ya yi minti biyar yana zuba, yana hawa yana sauka da saurin nan nasa da murya mai faɗi da ya gada daga Benny Carter da Parker. A nan kuwa taken gajeru ne, an auna masa fili, kuma a taken da ya fi shahara ma tagulla ce take da rinjaye, shi kamar baƙo ne a gidansa. Gaskiya ne, kuma wanda yake neman ƙololuwar fasaharsa ya nemi Somethin' Else na 1958. Amma ƙuntata fili ba kullum ne yake rage mai fasaha ba. Adderley mutum ne mai yalwar magana a busa, har wani lokaci yalwar takan yi yawa, ya cika kowace kafa da ado. Idan ya san bayan 'yan daƙiƙoƙi mutum goma sha biyu za su faɗo, dole ya zaɓi abin da zai faɗa, ya gama jimla ya rufe ta. A taken masu tafiyar hawainiya, inda Wilkins da Bob Brookmeyer suka shimfiɗa masa sauti mai laushi a ƙasa, ana jin abin da ƙaramar ƙungiya ba ta iya ba shi, wato dogon sauti ɗaya da ya riƙe yana ɗan girgiza shi a ƙarshe, a kan turombon da tuba da suka yi masa katifa. Kuma gindin kiɗan nasa ne: Sam Jones a babbar jita da Louis Hayes a ganga, mutanen da yake yawo da su kowane dare, su ne suke riƙe da bugu, shi ya sa taron bai yi taurin ƙungiyar haya ba.

Saura zargin siyasa. A shekarar 1960 Max Roach ya fitar da We Insist!, faifan da ya ambaci kisan Sharpeville na watan Maris ɗin shekarar, inda 'yan sandan wariyar launin fata suka harbe mutum 69, kuma ya sa hoton masu zaman dirshan a bangonsa. Randy Weston ya ɗauki Uhuru Afrika, wanda Melba Liston ta tsara kuma gwamnatin Afirka ta Kudu ta haramta daga baya. An kashe Patrice Lumumba a Janairun 1961. A watan Mayun da aka ƙarasa African Waltz, matasa baƙaƙe da farare suna shiga motocin safa zuwa kudancin Amurka don karya dokar wariya, har aka ƙona musu mota a Anniston ta jihar Alabama, kuma a ƙarshen watan Coltrane ya fara ɗaukar Africa/Brass. Kusa da waɗannan, faifan Adderley kamar biki ne a unguwar da ake zaman makoki. Ba zan ce ya kai su nauyi ba, bai kai ba. Amma a lura cewa kusan mutane ɗaya ne suke zagayawa: Olatunji yana cikin na Roach da na Weston da wannan, Liston tana cikin masu turombon a nan, Clark Terry da Charlie Persip suna cikin na Weston da wannan. Su ba su ga katanga tsakanin faifan gwagwarmaya da na rawa ba. Kuma akwai aikin da ƙaramin faifai mai minti biyu yake yi wanda dogon faifan gwagwarmaya ba ya yi. Yana shiga rediyo, yana shiga akwatin kiɗa, yana sa mai gabatar da shiri ya furta kalmar Afirka tare da sauti mai izza da ɗaukaka, a ƙasar da fina-finanta suka shafe shekaru suna haɗa kalmar da Tarzan. Ƙaramin abu ne, amma a 1961 ba banza ba ne. Shi kansa Adderley bai tsaya nan ba, domin a 1969 ya ɗauki Country Preacher a taron Operation Breadbasket na Jesse Jackson a Shikago.

Hujja ta ƙarshe ita ce abin da ya biyo baya. A jerin masu saksafon na wannan faifai akwai Oliver Nelson, wanda a cikin watan Fabrairun 1961 ya ɗauki nasa babban aikin, The Blues and the Abstract Truth. Cikin shekara ɗaya ya zama wanda ake nema idan ana so a sa gwanin sol jaz a gaban babbar ƙungiya: shi ya tsara wa Jimmy Smith Walk on the Wild Side a 1962, shi ya tsara wa Stanley Turrentine faifan Joyride a 1965. Ray Charles ma a 1961 ya fitar da nasa tare da makaɗan Basie. Wannan salo, jagora ɗaya mai muryar coci da tagulla tana amsa masa, shi ya riƙe babbar ƙungiya da rai a ɗakunan ɗaukar sauti a lokacin da ta gagara a kan hanya, kuma ya ciyar da ƙwararrun da da sun watse. Adderley ya ci gaba da bin jama'a har Mercy, Mercy, Mercy na Joe Zawinul ya kai shi kusa da goma na farko a farkon 1967, ya rasu a watan Agusta na 1975 yana da shekara 46.

African Waltz ba ya cikin faya-fayan Adderley uku mafi girma, kuma sunansa ya yi alkawarin da bai cika ba. Amma aiki ne na gaskiya da ƙwararru suka yi wa talakawa ba tare da raina su ba, kuma zumuncin da yake da shi da wannan nahiya ya fi wanda aka rubuta a bangonsa. Mai karatu da yake da intanet a wayarsa zai same shi cikin sauƙi. Ya tsallake taken da ya yi suna tukuna, ya fara da West Coast Blues ko Blue Brass Groove, ya bar bin saksafon na ɗan lokaci ya kasa kunne ga masu amsa masa, sannan ya yanke nasa hukuncin.